Ɓauren da Aku Ya Yar

Bayan aku na ƙarshe ya mutu a kurminmu, hukuma ta saki na ƙarfe a madadinsa. Ran Juma'a na raka Gwaggo Kande ta gan su.

Suna tashi, suna kuka, har ɓaure suke ci. Amma ita ƙasa take ta dubawa.

"Gwaggo, ga su can sama."

"Na gan su, Lantana. Na gaske maɓarnaci ne, ya gutsuri ɗaya ya yar da uku. Da muna yara su muke tsinta, sun fi zaƙi."

Gindin bishiyar fes, kamar an share.

Ta kwance haɓar zaninta, ta ɗauko ɓaure, ta gutsura, ta yar a wurin. Sannan ta ce mu tafi gida.