Hular Baba a Bencin Fasinjoji

Ba zan rantse da ranar ba, amma bayan azahar ne, a shekarar da aka rage ma'aikatan jirgin ƙasa. Inna ta aike ni daga New Bell in kai wa Baba abinci tasha, inda yake duba tikiti. Na tarar da shi zaune a bencin fasinjoji, inda ma'aikaci ba ya zama, hular aikinsa a kan gwiwa.

Bai buɗe kwanon ba. Ya ce, "Uwata, ki ce mata kin same ni a bakin aiki."

Haka na faɗa. Inna ta ci gaba da goge masa kaki kullum, wata uku ko huɗu. Har yau ban gyara maganar nan ba, kuma na gaji da riƙonta.