Kalma Ɗaya a Shafin Sadaukarwa

Jan biron Mai Gyara ya tsaya cak a shafi na uku. Shekara talatin yana duba rubutun mutane a maɗaba'ar nan, harshensa kuwa ya fi biron tsini. Farfesoshi ma sun sha fita daga ɗakinsa suna sharar gumi. Amma yau layi ɗaya ya hana shi gaba: "To my late father."

Littafin wata likita ne, kuma da azahar za a ɗora shi a kan inji. Ya zagaye kalmar "late" har sai da takardar ta huje, ya rantse duk wanda ya buga shafin nan haka zai yaba wa aya zaƙinta. Manaja ya yi lallashi har ya gaji, ya kira mai littafin a waya.

Ta shigo da farar rigar aikinta, ba sallama, balle gaisuwa. Haushi ya kama shi, tsoro ma ya kama shi, abin da bai saba ji ba.

"Duk digirinki," ya ce, "ba ki san in 'late' ta zo gaban mutum a Turanci marigayi ake nufi ba? Ba wanda ya makara ba, ba wanda ya daɗe bai zo ba. Matacce. A cire ta."

"Kuskuren nahawu ne?" ta tambaya.

Halinsa dai sai addu'a, amma a kan nahawu bai taɓa yin ƙarya ba.

"Nahawun daidai yake, sai dai..."

"To aikinka ya ƙare, Malam. Tun ina aji uku na san ma'anarta. Haka na riƙa cikewa a gurbin uba a takardun makaranta, haka na cike a na neman aiki. Ban zo neman darasi ba."

Ta zare jan biron daga hannunsa, ta sa hannu a takardar amincewa, ta miƙa wa manaja. Mai Gyara kuwa ko kallo bai ishe ta ba har ta fice.

Da azahar inji ya tashi. Mai Gyara ya zauna yana sauraron yadda ake buga mutuwarsa shafi bayan shafi, da sa hannun 'yar da ya tafi ya bari tana shekara shida.