Fijon Malam Dattijo

Marin farko ne ya tuge wa Malam Dattijo hula, na biyu ya kai shi ƙasa a gindin tayar motar. Mudassiru dillali yana tsaye yana kallo. Shi ya kawo mai sayen, kuma tun a hanya jikinsa ya ba shi cewa bai kyauta ba.

Motar tsohuwar Fijo ce 404, irin ta zamanin su baba. Shi kuwa Malam Dattijo bakanike ne, baƙo, daga can wajen Gumel ya zo shekarun baya, ya kafa 'yar rumfa a bakin babban kanal tsakanin Kura da Bunkure yana gyaran injinan ban-ruwa. Ba ya hira, ba ya zaman majalisa. Duk ɗan sararin da ya samu a kan Fijon nan yake ƙarewa. Inji ya tashi, bodi ya sha baƙin fenti har kana ganin fuskarka a jiki, amma ciki fayau yake. Kujera ɗaya ce, ta direba, ƙofofin ba mariƙai ta ciki, gilasai duk sun maƙale a sama. A haka ya ce ta sayarwa ce.

Sai dai duk wanda Mudassiru ya kawo, sai tsohon ya sami abin cewa. Wani alhaji ya taso takanas daga Kano, ya ce masa da sauran aiki. Wani malamin gona daga Kadawa ya nace, ya ce ya dawo bayan damina. Amma kullum da safe sai ya turo ta bakin hanya ya wanke ta tas, ta yi ta ƙyalli. A nan Ɗanbaba ya gan ta, don hanyarsa ce.

Ɗanbaba shi ke tsare wa manyan manoma ruwa. In ya rufe maka, tumatirinka ya bushe, sai dai ka yi shiru. Kowa ya san abin da ya yi wa Amiru, wani saurayi ɗan ci-rani da ya buɗe ruwa ba ranar ubangidansa ba. Da rana tsaka ya danna kansa cikin kanal har ya daina shure-shure. Mutane sun gani, ba wanda ya yi shaida, aka binne shi ba a ma san garinsu ba. Irin wannan mutumin in ya ce ka raka shi cinikin mota, ba ka cewa a'a.

Da suka iso Ɗanbaba ya zagaya motar, ya shafa bodin, ya ce ya saya. Malam Dattijo ko ɗagowa bai yi ba. A gaban masu ɗaurin kwandon tumatir da ke jiran babbar mota ya ce, "Ba irinka nake sayar wa ba."

To abin da ya jawo marin ke nan.

Kuma bai tsaya a mari ba. Ɗanbaba ya rarumi ƙaton sufana daga kan buhu ya shiga sauke masa a haƙarƙari, kana jin ƙarar kamar ana dukan ƙwarya. Mudassiru ya yi ta maza ya matsa, ya ce don Allah maigida a yi haƙuri, sa'an babanka ne. Gwiwar hannu ya samu a baki, ya ji haƙori ya girgiɗe. Masu kwando suka sunkuyar da kai suna ta ɗauri.

Ɗanbaba ya yage aljihun tsohon ya zaro makulli. Malam Dattijo ya ja jiki ya rungume masa ƙafa, jini na bin gemunsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ba birki. Wallahi ban haɗa birki ba, ku shaida na faɗa."

"Haka kake gaya wa kowa, tsohon banza."

Ya take masa yatsu da dunduniyar takalmi har suka yi ƙara, ya shiga ya buga ƙofa.

Hanya ɗaya ce daga rumfar, gangare ce a gefen kanal, sai ta karya kwana a wajen gada. Ranar kuwa an sako ruwa daga madatsar Tiga, kanal ya cika maƙil. Fijo ta ɗauka da ƙarfinta, Ɗanbaba yana ta ba ta wuta don a gani. Da ta kai kwanar ba ta rage ba. Ta haye gefen, ta ɗan tsaya a iska, ta faɗa da kai.

Mudassiru bai san sanda ya fara gudu ba. Ya tarar da rufin yana nutsewa, ta cikin gilashi yana hango Ɗanbaba yana laluben ƙofa, yana duka da hannu, yana harbi da ƙafa, ruwa na hawa masa wuya. Mudassiru ya faɗa ruwan ya kama ƙofar ya ja, ta ƙi, ruwa ya fizge shi ya buga da bangon kanal, da ƙyar wasu masu shanu suka ciro shi da sanda. Sai da tarakta ta zo aka jawo motar. Abin ba kyan gani.

Mudassiru ya koma rumfa a jiƙe yana rawar ɗari. Malam Dattijo na jingine da ginshiƙi, yatsunsa sun kumbura sun karkace. Mudassiru ya durƙusa ya yi masa jajen motarsa, ya ce kada ya ji tsoron 'yan sanda, kowa ya ji ya yi gargaɗi, shi da kansa zai yi shaida.

Tsohon ya tofar da jini, ya tambaya a hankali, "Ya daɗe yana shure-shure?"

Mudassiru ya ce ya daɗe, Baba.

Malam Dattijo ya lumshe ido ya gyaɗa kai.

"Haka aka ce min ɗana Amiru ma ya yi."