Ofishin da ke ƙarƙashin ɗakin kwanan baƙi

Bar ɗaure akwatin nan, Nafi'u, ka zauna in ba ka misali, tunda ka ce kai idan ka je karatu waje ba ruwanka da shiga ofisoshin mutane. Wannan magana ta ɓata mini rai.

A wata jami'a ta ƙasar waje, an sauke ɗalibai baƙi a saman wani bene. A ƙasan benen akwai ofishin da ke taimaka wa ɗalibai neman aiki: su gyara maka takardunka, su koya maka amsa tambayoyin masu ɗaukar ma'aikata, su haɗa ka da kamfanoni. Dokar ƙasar kuwa ba ta da wasa, baƙon da ya gama karatu bai samu wurin aiki cikin wata biyu ba, sai ya tattara. Sau ɗaya a shekara ofishin ke aiko da gayyata. Mutanenmu kuma ka san mu da kara, ko tuwo aka ce mu ci sai mun ce mun ƙoshi, muna jiran a matsa mana har sau uku. To can ba a matsawa. Ga kuma wani tsohon ɗalibi, shekararsa biyar a benen, duk sabon zuwa sai ya ja shi gefe ya ce wannan ƙofa ta 'yan ƙasa ce, kada ya je ya zubar mana da mutunci. Shi kansa bai taɓa leƙawa ba, wani ne ya gaya masa.

Sai aka samu wata 'yar tela daga Gumel mai karatun injiniyan ruwa, saura mata wata uku ta gama, ba ta da kowa a ƙasar. Ta ce za ta shiga. Aka yi mata ca, har da masu cewa ta tafi roƙo. Ta ɗaga katinta na ɗalibi ta ce, "Irin wannan ne a aljihun 'yan ƙasar. In korata za a yi, a kore ni ina tsaye a ciki, ba a bakinku ba." Ta sauka ta tura ƙofar. Matar da ke ofishin ta dube ta, ta jawo wani fayil mai ƙura ta ajiye a gabanta. Ashe kowace shekara wasu kamfanoni na ware gurbi biyu na koyon aiki don baƙi kaɗai, kowace shekara kuma ana mayar musu da su don babu wanda ya zo nema. Aka gyara mata takardu, aka yi mata gwaji sau uku, ta samu gurbi a wani kamfanin tace ruwa.

Tsohon ɗalibin nan wa'adinsa ya riga ya cika. Ranar da zai tafi, ya sauko da akwatinsa ya tsaya a bakin ƙofar, ya tambayi matar ofishin tun yaushe ake ware guraben. Ta ce tun kafin ya zo. Ya ja akwatinsa ya tafi.

Don haka in ka isa, duk ƙofar da aka ce ba taka ba ce, ka tura ta da hannunka, wanda ke ciki ya faɗa maka da bakinsa. Ban aike ka ka yi wa kowa kara ba. Hausawa suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.