Rumbun Ɗan Doka

"Ko ka maido yaran nan makaranta, ko ka tuɓe kakin En'e," hakimi ya ce wa ɗan doka.

Ɗan dokan ya bi garin Kebbe gida-gida, yana leƙa rumbunan da iyaye kan ɓoye 'ya'yansu don gudun boko. Ya sha zagi, ƙafafunsa suka kumbura, bai ga ko ɗaya ba.

Rannan da hantsi ya haƙura ya koma gida. Ya hau rumbunsa ɗibar gero, yana ɗaga murfin sai ga ƙananan idanu zuru-zuru suna kallonsa.

Tsohuwarsa na gefe tana kaɗi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Rufe, ɗan nan. Duk garin ga, rumbunka kaɗai ne ba ka leƙawa."