Madubin Masaƙi da Gwadon Marigayi

Nafi'u, rufe kwamfutar nan tukuna ka saurare ni. Na ga manhajar da ka samo, wadda ka ce tana kutsawa cikin wata manhajar ta zano maka duk yadda aka gina ta. Zanen ya yi kyau, har da launi-launi. Amma da na tambaye ka a kan me ka gwada ta, ka ce a kan aikin da kai da kanka ka rubuta bara. Yanzu kuma so kake mu dogara da ita mu taɓa tsohuwar manhajar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya na asibitin nan, alhali wanda ya rubuta ta ya shekara shida da rasuwa. Bari in ba ka wani misali.

An yi wani masaƙi, gwani ne ba laifi, sai dai akwai shi da ɗokin sabon abu. Wata ranar kasuwa wani falke ya nuna masa ɗan madubi mai ƙafafu. In ka ɗora shi a kan ƙyalle sai zare ya fito ƙato kamar igiyar guga, ka ƙirga na tsaye, ka ƙirga na kwance. Falken ya ce mai wannan madubi babu saƙar da za ta gagare shi ganewa. Masaƙi ba wawa ba ne, ya ce sai ya gwada. Ya sauke gwadon da ke kafaɗarsa, wanda shi ya saƙa da hannunsa, ya leƙa, ya zana abin da ya gani, ya warware gefe guda, ya mayar da shi tsaf har ba a gane wurin. Nan take ya saya, yana ta washe baki. Abin da bai lura da shi ba, a wuri uku madubin bai nuna masa komai ba, wato inda ya ɓoye ƙulli a cikin saƙar. Hannunsa ne ya tuna ya cike gurbin, shi kuwa ya ɗauki yabon ya ba madubi.

Ba a daɗe ba wata tsohuwa ta kawo masa gwadon da mahaifinta ya saƙa, asu ya ci wuri kamar tafin hannu. Irin saƙar nan ce da aka daina, masu yin ta sun ƙare. Ta ce, "Don Allah, Malam, a bi shi a hankali. Shi kaɗai ya rage mini na Baba." To, a bayan gari akwai wani tsohon masaƙi da ya makance, wanda ya yi aiki a rumfa ɗaya da marigayin. A da, in irin wannan aiki ya zo, can mutumin namu yake kaiwa a shafa a gaya masa. Wannan karon ya ga ba sai ya wahalar da ƙafarsa ba. Ya ɗora madubi, ya zana, zane ya fito ras, ya sa almakashi. Ashe abin da madubi ya nuna masa kamar zare ɗaya mai kauri, zare biyu ne aka murɗe, kowanne na riƙe da ɗan'uwansa. Yana yankewa, layi guda ya zame. Ya ƙara warwarewa don ya gane yadda aka yi, wani layin ya bi. Kafin kwana bakwai ramin da ke kamar tafin hannu ya fi faifai, sannan ya cinye rabin gwado.

Sai a lokacin ya zuba zaren a ƙwarya ya nufi bayan gari. Makahon ya sa hannu a ciki, ya daɗe yana juyawa, sannan ya ce, "Da ka kawo shi da raminsa, da yatsuna sun gaya maka. Wannan kuwa zare ne kawai, ɗana." Da tsohuwar ta dawo ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta tattara abin da ya rage, ta ƙulle a gefen mayafinta, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta tafi. Ya saƙa mata sabon gwado mai kyau, ya aika a gaya mata. Har ya mutu ba ta zo karɓa ba.

Ni abin da ke ba ni takaici a labarin nan, madubin bai yi ƙarya ba, iyakar ganinsa ya nuna. Gwajin ne ya zama na banza. Da ya tsinci tsumman da bai san masaƙinsa ba ya gwada a kai, da tun a kasuwa ya san inda madubin ke makancewa, kuma tsumma kawai zai yi asara. Ba daga sama nake gaya maka ba, ni ma ina da aikin da na warware na kasa mayarwa, har yau in na tuna barci ƙaurace mini yake yi.

Saboda haka nemo manhajar da ni da kai ba mu taɓa gani ba, mu rubuta tambayoyi, mu ga ko wannan abin naka zai amsa ba tare da ƙwaƙwalwarka ta rufa masa asiri ba. Sannan ka je gidan Hajiya Tabawa, tsohuwar ma'aikaciyar da ta zauna ofis ɗaya da marigayin, ka gaishe ta ka yi mata tambaya tun tana nan. Ai Hausawa sun riga sun faɗa, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.