Wankan Inna a Garin Faifai

"Ni na riga ki faɗowa duniya, Usaina! Ungozoma na da rai, a tambaye ta!" in ji Hasana.

"Faɗowa daban, daɗewa daban," in ji Usaina, tana turo mata agogon da aka ɗaura wa kowa ran suna. "Karanta."

Gawar Inna na kwance a uwar ɗaka, ruwan wanka yana hucewa. Wasiyyarta ɗaya ce: babbar 'yarta ce za ta wanke ta.

Kun dai san halin garin nan namu da ke juyi a sararin sama. Lokacin bakin Faifai nawa gare shi, na tsakiya kuwa sauri. To, Hasana aure ya kai ta baki shekara talatin, Usaina tana tsakiya wajen Inna. Da aka jera agogunan tagwayen, sai ga ƙanwa ta ba yayarta kwana tara.

Hasana ta juya ga liman. "Malam, ka yi magana mana!"

Malam Ɗanjuma ya shafa gemu, ya ce littafinsa a ƙasa aka rubuta shi, inda rana ɗaya ke fito wa kowa.

Sai a lokacin Hasana ta dubi 'yar'uwarta da kyau. Furfurar jinyar Inna ce a goshin Usaina, ita kuwa Hasana ko ɗaya babu.

Usaina ta ɗauki buta. "Riƙe mini zane, ƙanwata."

Hasana ta kwance agogonta, ta ajiye kusa da ƙafar Inna, ta fita ta buga ƙofa.